IDAN JIRAGE SUKA RAGU, ƊAN WA AKE SAUKEWA?

Wannan shi ne jawabin da Sakataren jam'iyyarmu na yankin Birnin Kudu da Gwaram ya yi wajen laccar da aka yi a bakin kasuwar Sara bayan sallar la'asar. Mun buga shi dukansa saboda 'yan'uwa waɗanda ba su sami halarta ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.



Shugaban wannan taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan kasuwa da samari, ina gaishe ku gaisuwar 'yan'uwantaka. Na ga mutanen Gwaram, na ga na Birnin Kudu, na kuma ga 'yan hatsi da 'yan koli waɗanda suka ɗaure kayansu tun kasuwa ba ta watse ba domin su tsaya su ji. Allah ya saka muku da alheri.

Yau maganar jirgin sama na zo da ita. Na hangi wani dattijo can gindin bishiya ya yi murmushi, na kuwa san abin da ke zuciyarsa. Cewa yake yi, ina ruwan biri da gada? Mu da muke fama da kuɗin taki da kuɗin motar kai marar lafiya asibitin Birnin Kudu, me ya haɗa mu da abin da ke wucewa ta bisa kanmu? To, Baba, yi haƙuri ka kasa kunne. Abu uku ya haɗa ka da shi. Da dukiyar ƙasa aka sayi jiragen nan, kai kuwa kana da rabo cikin dukiyar ƙasa. Cikin jirgin nan ne za ka tafi Makka ran da Allah ya kira ka, kuɗin kujerarka kuwa daga riɗinka da bijiminka zai fito. Na uku, wanda ya fi duka, 'ya'yan talakawa ne suka yi karatun tuƙin jirgin nan, ga su can zaune a gida ba abin tuƙawa.

MISALIN TASHAR MOTA

Bari in fara da abin da kowa ya sani. A ce wani alhaji yana da manyan motoci goma masu ɗibar hatsi daga nan Sara zuwa Dawanau. Kowace mota tana da direba, tana da yaran mota, tana da makanikin da ke duba ta, ga 'yan dako, ga ɗan kamasho, ga mai tuwon tasha. Sai aka wayi gari alhaji ya kasa sayen taya da batir, motoci bakwai suka kwanta bisa duwatsu, uku kaɗai ke tafiya. Ina tambayarku, direbobi nawa za su yi aiki? Uku. Su wa alhaji zai riƙe? Tsofaffin hannu, da ɗan ƙanwarsa. Yaron motar da ya shekara biyar yana wanke gilashi da fatan wata rana a ba shi sitiyari fa? Wannan sai dai ya nemi wata sana'a.

To, haka al'amarin jirgin sama yake, sai dai nasa ya fi tsanani. Doka ba ta yarda matuƙi ya wuce awoyin da aka yanka masa ba, tilas ya sauka ya huta wani ya karɓa, kuma kullum mutum biyu ke zama a gaba, kyaftin da mataimakinsa. Saboda haka jirgin fasinja guda ɗaya yakan riƙe matuƙa wajen 10, ban da injiniyoyi da masu hidimar fasinja da 'yan kaya. Watau ke nan duk jirgin da aka ajiye, an rufe tukunyar gidaje masu yawa. Jirgi shi ne gonar matuƙi. Manomin da ba shi da gona, kome kyan garmarsa, sai ratayewa.

YADDA MUKA FARA

Ku sani wannan harka a ƙasarmu ta fara. Ran 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama suka fara sauka a Nijeriya, guda uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar, a Kano kuwa suka sauka. A 1946 Turawa suka kafa kamfanin jirage na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. A 1958 Nijeriya ta ware nata, a 1961 kuma gwamnati ta saye shi dukansa. Shi ne Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fukafukai, wanda alhazanmu na da suka sani. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya domin 'ya'yan ƙasa su karɓi aikin daga hannun Turawa.

A wancan zamani hanya a shimfiɗe take. Yaro ya yi ƙoƙari a makaranta, a zaɓe shi, a kai shi Zariya, ya fito kamfanin ƙasa ya ɗauke shi, ya zauna kusa da kyaftin shekara da shekaru har shi ma ya zama kyaftin. Da haka 'ya'yan manoma suka riƙa sauke manyan jirage a Landan da Jidda. A farkon shekarun 1980 kamfanin nan yana da jirage wajen 30.

Sa'an nan sai gara ta shiga. Aka riƙa naɗa shugabanni ana tuɓewa, manya suna hawa ba su biya, bashi ya taru, jirgi ya tafi gyara ƙasar waje ya ƙi dawowa saboda ba a biya masu gyara ba. Har gwamnati ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Obiora Nwazota, ta kuwa gano irin ta'adin da aka yi wa dukiyar kamfanin. Ku gaya mini, cikinku wa ya ji an dawo da kuɗin? A 2003 kamfanin ya daina tashi, lokacin nan jiragensa masu lafiya ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, a 2004 aka rushe shi. Ma'aikata wajen 6,000 suka shiga jiran haƙƙinsu. A 2018 aka saki Naira biliyan 22 da 'yan kai, watau rabin abin da suke bi. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya ba su ga kwabo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

KAMFANONIN 'YAN KASUWA

Da giwa ta faɗi, sai 'yan kasuwa suka ɗauki kayan. Mu a nan Arewa mun ga Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Ɗankabo, wanda aka kafa a Kano a 1980, ya yi shekaru yana jigilar alhazai da manyan jirage. Mun ga Chanchangi a Kaduna, mun ga IRS, mun ga Albarka. Ina suke yau? Duk sun nannaɗe tabarma. Can Kudu ma haka, Okada da Bellview da Sosoliso sai labari. Virgin Nigeria da aka kawo domin ya maye gurbin kamfanin ƙasa ya sake suna sau biyu, a 2012 ya rufe. A watan Fabrairu na 2017 hukumar karɓar bashi ta gwamnati ta karɓe Arik, wanda a sa'an nan ya fi kowane kamfani girma a ƙasar nan, aka tarar cikin jirage kusan 30 wajen 10 kaɗai ke iya tashi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe filayen jirage tun daga watan Maris har Yuli. A watan Agusta na shekarar Air Peace ya sallami matuƙa wajen 70, kamfanin Bristow mai jirage masu saukar ungulu ya sallami matuƙa da injiniyoyi wajen 100.

Kada ku ce duk laifin masu kamfani ne. Ku 'yan kasuwa ne, za ku fi kowa gane wannan lissafi. Mai jirgi da Naira yake sayar da tikiti, amma da Dala yake sayen kome: hayar jirgi Dala, kayan gyara Dala, inshora Dala, babban gyaran da doka ta tilasta a yi wa jirgi lokaci lokaci, galibi a ƙasar waje ake yinsa, shi ma Dala. A 2022 man jirgi ya tashi daga wajen Naira 190 kowace lita zuwa 700 cikin 'yan watanni. A 2023 gwamnati ta saki Naira, Dala ɗaya da take wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024. Wane ɗan kasuwa ne zai saro kaya da tsada ninki uku ya sayar wa mutanen da aljihunsu ya bushe, ya kuma tsaya da ƙafarsa? Sai ya rage jirage. In ya rage jirage kuwa sai ya rage mutane, ƙanana kuma ake fara sallama.

GANIN DALA BA SHIGA BIRNI BA NE

Yanzu na zo kan abin da nake so kowane uba ya riƙe. Mutane suna tsammani yaro ya gama makarantar tuƙin jirgi shi ke nan ya zama direba. Ba haka ba ne. Lasin da yake fitowa da shi bayan ya yi tashi na awa wajen 200, ƙofar farko ce kawai. Kowane irin babban jirgi yana da tasa takardar shaida dabam. Wanda ya koyi Boeing ba ya taɓa Airbus sai ya sake wani karatu, karatun nan kuwa dubban Daloli ne. Bayan wannan kamfani zai tambaye shi awa nawa ya yi a sama. Kafin a ba mutum babban lasin da zai zama kyaftin sai ya tara awa 1,500. To, ina zai tara awa in ba a ba shi jirgi ba? Kuma wa zai ba shi jirgi in bai tara awa ba? Bugu da ƙari lasin nan ba a ajiye shi a akwati kamar takardar gona. Akwai gwajin likita, akwai gwajin hannu da ake maimaitawa, in aka daɗe ba a tashi ba sai ya mutu, sai an sake zuba kuɗi a tashe shi.

A da, kamfanin ƙasa ne ke ɗaukar wannan nauyi duka. Da jirage suka yi ƙaranci, masu nema suka yi yawa, sai aka koma cewa yaro ya zo da takardarsa a hannu, ya biya da kansa. Nan fa aka raba ɗan talaka da ɗan mai hali. Mai uba a gindin murhu ya biya Dala, a buga masa waya, ya sami kujera. Ɗan mai sayar da barkono kuwa, ko shi ya zo na ɗaya a aji, sai ya dawo gida.

Ga shaida nan kusa da mu. Tsakanin 2013 da 2015 Gwamnatin Jihar Kano, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ta kai matasa 100 ƙasar Jodan suka koyo tuƙin jirgin sama, da yawansu 'ya'yan talakawa. Niyya ce mai kyau, ba mai musun haka. Yaran suka yi karatu, suka ci jarrabawa, suka dawo. Amma sun dawo daidai lokacin da kamfanoni ke ajiye jirage, saboda haka da yawa daga cikinsu suka yi shekaru ba su sami abin tuƙawa ba.

Ni da kaina na san wani bawan Allah, ba zan faɗi sunansa ko garinsa ba, wanda ya sayar da gonar gado da bijimai biyu na huɗa, 'yan'uwa suka yi karo-karo, aka kai ɗansa wannan karatu. Ran da yaron ya dawo da farar riga da hula, har guɗa aka yi. Yau yana tsaron shagon kawunsa a Kantin Kwari. Da na tambaye shi labarin lasin, sai ya sunkuyar da kai ya ce mini, "Baba, ya mutu tun bara waccan, kuɗin tashinsa ya fi ƙarfinmu." Gona ta tafi, jirgi bai samu ba.

ZANEN ARO

Wani zai ce, ai muna ganin jirage suna tashi, su wa ke tuƙa su? Tambaya mai kyau. Hayar jirgi iri biyu ce. Akwai wadda za a ba ka jirgi tsurarsa, ka sa direbobinka da makanikanka. Akwai kuma wadda jirgi zai zo da direbobinsa da ma'aikatansa daga ƙasar masu shi, kai naka biyan kuɗi kawai. Da yake masu ba da haya sun daɗe suna tsoron kawo dukiyarsu ƙasar nan, kamfanoninmu da yawa sun dogara ga iri na biyun. Fasinja namu, kuɗi namu, albashi na baƙo. A aikin Hajji ma, wani kaso na alhazanmu kamfanin Saudiyya ne ke ɗibarsu. Ƙwararrun kyaftin ɗinmu kuwa, da yawa sun tsallaka ƙasashen Larabawa inda ake biya da Dala. Manya sun fita, ƙanana ba a bari sun hau ba.

Mahukunta kuma me suka yi? A watan Yuli na 2018 Ƙaramin Ministan jiragen sama, Hadi Sirika, ya tafi Ingila ya nuna wa duniya suna da tambarin sabon kamfanin ƙasa, Nigeria Air. Aka yi ta jira. Ran 26 ga Mayu, 2023, saura kwana uku gwamnatin ta sauka, sai ga jirgi guda ya sauka a Abuja da fentin Nigeria Air, aka yi biki, aka ɗauki hotuna. Ashe jirgin na kamfanin Habasha ne, ya kuwa koma inda ya fito. A 2024 kotu ta soke yarjejeniyar. Zanen aro ba ya rufe katara. Matuƙi nawa fenti ya ɗauka aiki?

Ku dubi Habashan nan da muka je aro wurinta. Kamfaninta ya fara tashi a 1946, shi ma na gwamnati ne, ƙasar kuwa ba ta da man fetur irin namu. Ta sha juyin mulki, ta sha yaƙi, ta sha yunwa, amma ba ta bari an cinye kamfanin ba. Tun 2018 jiragensa suka kai 100, yana da makarantarsa, yana da garejin gyaransa, yana koyar da 'ya'yan ƙasarsa ya ɗauke su aiki. Abin da suka fi mu da shi riƙon amana.

Nan jiharmu ma an buɗe filin jirgin sama a Dutse a 2014, alhazanmu sun tashi daga can, mun gode Allah da sauƙin da aka samu. Amma fili tasha ne kawai. Tasha ba ta ɗaukar direba, mota ke ɗauka.

ABIN DA MUKE NEMA

Jam'iyyarmu ba ta tsaya ga kuka ba. Ga abin da muke nema, ku riƙe shi, ku tambayi duk wanda ya zo neman ƙuri'arku.

Na farko, duk gwamnatin da za ta kai 'ya'yanmu koyon tuƙin jirgi da kuɗin jama'a, ta ƙarasa ladanta. Ta biya har takardar babban jirgi, ta kuma ƙulla yarjejeniya a rubuce da kamfanin da zai ɗauke su tun kafin su tafi. A fara da waɗanda ke zaune a gida yanzu kafin a ɗebi sababbi.

Na biyu, duk kamfanin da ya kawo jirgi da direbobin waje, ko aka ba shi jigilar alhazanmu, a sa masa sharaɗin ya zaunar da 'ya'yan ƙasa a kujerar mataimaki domin su tara awa, a kuma yanka masa wa'adin da zai miƙa musu aikin.

Na uku, a kafa manyan garejin gyaran jirage a cikin gida, a sa ɗaya a Kano inda harkar ta fara. A 2018 kamfanin Aero ya yi wa jirgin Boeing babban gyara a Ikko da hannun 'ya'yan ƙasa, saboda haka kada wani ya ce mana ba za a iya ba. Dalar da ta tsaya a gida, jirgi ne ya tsaya a sama.

Na huɗu, a fito da rahoton binciken Nigeria Airways da lissafin abin da aka kashe kan Nigeria Air, a fassara da Hausa, a karanta a rediyo, wanda ya ci ya amayar.

Na biyar, zaɓen yaran da za a kai karatu ya zama ta jarrabawa a fili, a liƙa sunaye a sakatariyar Gwaram da ta Birnin Kudu kowa ya gani, kada a yi shi a zauren wani.

Ku kuma iyaye, ga gargaɗina. Ban ce ku kashe wa yaro zuciya ba. Yaron Sara yana da ƙwaƙwalwar da zai tuƙa kowane jirgi a duniya. Amma kafin ka sayar da gona, tambayi abu uku: nawa ne kuɗin karatun har ƙarshensa, da takardar babban jirgi a ciki? Wane kamfani ne ya yi alkawarin ɗauka, a rubuce? In aikin ya yi jinkiri, wace sana'a ko wane ilmi yaron ke da shi a hannu? In ba ka sami amsa ba, riƙe gonarka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan'uwana talakawa, babban filin jirgin saman Kano sunan Malam Aminu Kano yake ɗauke da shi, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗan a buɗe wa ɗan talaka ƙofa. Abin kunya ne a ce a filin da ke da wannan suna ɗan talaka sai dai ya ɗauki jaka. Ba sadaka muke roƙo ba, kayanmu ne aka ɓarnatar, mu ne kuma za mu tambaya. Ku je ku yi rajista, ku adana katinku, ku gaya wa matanku da maƙwabtanku abin da kuka ji yau. Ran da mai neman kujera ya zo da gishiri da atamfa, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa ya sha, sa'an nan ku tambaye shi ina jiragenmu, ina kuma aikin 'ya'yanmu.

Na ga rana ta yi sanyi, masu nisa suna son kama hanya. Allah ya kai kowa gidansa lafiya, ya sa albarka a kasuwarmu da gonakinmu, ya kawo mana sawaba.